Injin Gide da Katangar Surukinsa

Duk wanda ya zauna Daudawa a shekarar da aka yi ƙarin albashin Udoji ya san Gide, wanda bai gan shi ba ma ya ji muryarsa. Ni kam na san shi fiye da yadda nake so, domin rumfar ɗinkina tana kallon ƙofar gidan surukinsa, Malam Barau, kuma bencina ne majalisarsa tun daga hantsi har azahar. Wata bakwai ya yi a Kaduna yana share ofishin wani kamfanin gine-gine, ya dawo mana da biro uku a aljihun gaba yana cewa a riƙa kiransa Injiniya. Kafin wannan ya yi kiwon zomo, zomaye suka gudu. Ya yi gyaran rediyo, tawa tana nan har yau ba ta sake tari ba. Ya fara haƙa rijiya a Ruwan Godiya, ya bar ta gaba biyu, jakin mutane ya faɗa ciki.

Matarsa Mairo ta je wankan gida bayan haihuwar fari, ta gama arba'in ɗinta, aka ƙara wata biyu, shiru ba a mai da ita ɗakinta ba. Ranar da Malam Barau ya zo karɓar rigunan da zai tafi da su aikin hajji, a gabana ya faɗa wa Gide dalili.

"Ɗiyata ba ta komawa gidanka," in ji shi, "sai ka nuna mani aiki guda da ka hwara da hannunka ka ƙare. Guda ɗai. Ko igiya ce ka tuƙa. In na dawo na ishe babu, ta ci gaba da zama nan, tuwo bai ƙare mani ba."

Gide ya durƙusa ya ce, "To, Baba." Abin ya ci masa rai ƙwarai, don yana son Mairo, wannan ba zan ɗauke masa ba. Sai dai mutumin da aka ce ya tuƙa igiya, shi a ransa gada yake shirin ginawa.

Kwana uku da tashin maniyyata ya zo rumfata da wani kwali mai launi a hammata. Ya ce a kira jama'a. Ba sai an kira ba, zaman banza ya riga ya tara su. Ya buɗe kwalin, sai ga wasu zobba na roba masu ƙananan haƙora ta ciki, da faya-fayai manya da ƙanana masu haƙora ta waje, kowanne da huji birjik a jikinsa. Ya shimfiɗa takarda a kan teburin yankana, ya kafe zobe ɗaya da fil huɗu, ya sa faifai a cikinsa haƙori ya shiga haƙori. Ya zura bakin biro a huji guda ya fara turawa. Faifan yana bin cikin zoben yana kuma juya kansa, biron yana shiga yana fita, har layin ya dawo daidai inda ya tashi. Da ya ɗaga, sai ga fure mai ganye takwas, babu ganyen da ya fi wani.

Gaskiya mun yi mamaki. Ni da nake zana wuyan riga shekara ashirin ban taɓa fitar da abu daidai haka ba.

Malam Harisu, malamin firamare, ya ɗauki kwalin ya juya shi. Ya ce Turawa sun daɗe da irin wannan dabara, da injin ƙarfe mai aiki haka ake zana saƙar nan da ke jikin takardar kuɗi don kada a kwaikwaya. Wannan na roba kuwa wani injiniya ne a Ingila ya mai da shi abin wasa, bai fi shekara goma ba.

"Kun ji ko?" in ji Gide. "Injin buga kuɗi! Ni da bakina ban so in hwaɗi ba."

"Ban ce haka ba," in ji Malam. "Ga shi ma an rubuta a murfin, na yara ne 'yan shekara shida zuwa sama."

"To ni ba sama nike ba?"

Daga nan ya fito da shirinsa. Kowa ya san in mutum ya tafi Makka akan yi wa katangar gidansa sabon yaɓe da zane kafin ya dawo. Shekara talatin Baba Mani magini ke wannan aiki a garin, da yatsa da guntun cokali, yaɓe na ɗanye. Gide ya ce zamanin yatsa ya wuce. Zai sa a yi masa irin wannan inji da katako, tsayin mutum, ya zana wa surukinsa furen da ba a taɓa gani ba daga Faskari har Sabuwa. In Alhaji ya gani, da kansa zai ɗauko kayan Mairo.

Baba Mani yana zaune a ƙarshen benci yana cin goro. Ya ce, "Katanga hwa ba takarda ba ce. Gindinta kauri, samanta siriri, kuma ba ta son ruwa sau biyu."

"Baba, kai ka san laka, ni na san ilimi."

"Haka ne. Amma laka za ka taɓa."

Aikin dai Baba Mani aka bar wa, sai Gide ya bi ta wajen surukarsa, Dada. Kwana biyu yana aika mata goro da turmin atamfa, yana faɗa mata ta bayan zaure cewa matan Funtuwa za su riƙa yin hayar mota don su zo kallon katangarta. Dada ta yarda. Kwalin kuwa ya aika da shi cikin gida, wai a ajiye wa jariri, shi ya wuce wannan ƙaramin.

Ya hau mota zuwa Ƙanƙara wajen Rabo kafinta. Ni aka ja don in riƙe awo, shi ya sa na ji komai. Rabo ya tambaye shi haƙori nawa za a yi wa zoben, nawa kuma faifan.

"Zobe arba'in da takwas," in ji Gide. "Hwaihwai rabinshi daidai, ashirin da huɗu."

"Na cikin kwalin haka suke?"

"Na cikin kwali Bature ya yi su barkatai, wani talatin da shida, wani hamsin da biyu. Ni ba ni son aikin son kai. Rabi da rabi, kowa ya san haƙƙinshi."

Rabo ya ce shi dai nasa sassaƙa.

Bayan mako guda akori-kura ta sauke injin a ƙofar gidan Malam Barau. Mutum shida suka ɗaga zoben. An yi sabon yaɓe a katangar da ke dama da zaure, wadda bayanta madafin gidan yake. Maimakon fil huɗu, Gide ya sa aka kafa turaku huɗu irin na ɗaure saniya, aka buga su da taɓarya har suka leƙa ciki. A tsakiya aka kafa na biyar, aka ɗaura masa wani dogon hannu na katako mai riƙe da faifan. Maimakon biro kuwa, ƙusar inci shida.

Garin ya taru. Gide ya naɗe hannun riga, ya ce a yi salati, ya kama hannun katakon ya juya. Faifan ya bi zoben yana ƙara kamar amalanke, ƙusa ta ja layi, ta zagayo ta dawo inda ta tashi. Ya sake juyawa, ta bi layin nan dai. Ya juya na uku, na huɗu, na goma. Da ya matsa gefe yana haki, abin da ke jikin katangar ƙwai ne. Ƙato guda, a kwance, ba ganye ba reshe.

Wata tsohuwa mai tallar daddawa ta tsaya ta dafa ƙugu. "Ikon Allah! Wace kaza ce ta yi wanga?"

"Jimina ce, Iya," in ji wani.

"A bar shi ya kwanta mashi, ƙila ya ƙyanƙyashe kahin Alhaji shi dawo."

Gide ya ce wannan harsashi ne, furen yana tafe. Baba Mani ya gyara zama ya ɓare sabon goro.

Malam Harisu ne ya ji tausayinsa. Ya ƙirga haƙoran da tsinke, ya ce matsalar a nan take. Tunda faifan rabin zoben ne cif, zagaye ɗaya kowane haƙori yake komawa gidansa na jiya, ƙusa ba ta da sabon wurin zuwa. Asirin abin shi ne kada lissafin ya rabu daidai. Da faifan ashirin da uku ne, kowane zagaye zai ɗan goce, sai ya zagaya sau ashirin da uku kafin ya dawo, ya bar fure mai ganye arba'in da takwas.

"Abin da nike shirin hwaɗi ke nan," in ji Gide. "Gwada ku nike."

Kafin Malam ya ƙara cewa sai an sassaƙa sabon faifai wanda ya ɗan fi wannan ƙanƙanta, Gide ya karɓi gizago ya sare haƙori ɗaya. Ya ɗaga shi sama ya nuna wa jama'a. "Ashirin da uku!"

Malam ya riƙe kai. "Ba haka ake ragewa ba, Gide. Giɓi ka yi."

"Malam, ashirin da huɗu a ɗebe ɗaya nawa ne a makarantarku?"

Abin haushin shi ne, sai abin ya yi kamar zai yi. Duk lokacin da giɓin ya zo, faifan sai ya zame ya daki zoben, gwaf, katanga ta girgiza, ƙusa ta koma sabon layi. Ƙwai ya hau kan ƙwai a karkace. Gide ya yi tsalle ya ce ga ganye na fitowa. Sai dai juya wannan katako ba wasa ba ne, kafin ya yi zagaye shida kafaɗarsa ta mutu, rana kuma ta busar da yaɓen, ƙusa ta koma kankare ƙura.

"A kawo ruwa," in ji shi.

Baba Mani ya ce, "Na hwaɗa maka ba ta son ruwa sau biyu."

"Ta saba. Kowa da koyo ya iya."

Kwana uku ana kwara wa katangar nan ruwa safe da yamma, tulu ashirin-ashirin. Ta sha ta ƙoshi har gindinta ya fara tsatsafa ta ciki. Dada ta aiko a ce masa ƙasa na zubo mata a miya. Ya aika mata cewa ado sai da haƙuri. Ranar Alhamis kuma aka bugo waya daga Kano: jirgin alhazai ya sauka, Alhaji Barau zai iso gobe bayan sallar Juma'a.

Gide ya duba katanga, ya ƙirga da yatsa, ya ga ko rabi bai kai ba. Na ga tsoro a fuskarsa a karon farko, har na ce masa ya bar abin nan, ya roƙi Baba Mani ya shafe, shi kuma ya nemi rama ya tuƙa igiyar da aka ce. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Lawwali, kai tela ne, tunaninka bai wuce zare ba. Aikin inji sai inji."

A cikin zaure akwai sabon babur ɗin Alhaji, wanda ya saya da kuɗin auduga, ya lulluɓe shi da bargo ya ce ko ƙuda kada ya sauka a kai. Da safiyar Juma'a Gide ya turo shi waje, ya ɗora shi a kan turmi biyu ƙafar baya na lilo, ya cire tayar. Ya aro bel daga mai injin niƙa, ya zarga shi daga ƙafar babur zuwa wata gargarwa da ya ƙusance a gindin hannun katakon. Ana saukowa daga masallaci ya ce aiki na minti biyar ne, Alhaji zai tarar da fure yana jiransa.

A lokacin unguwar ta cika maƙil. Makaɗa sun zo, 'yan uwa sun zo daga Yargoje da Sabuwa, cikin gida kuma mata na ta suyar waina da dambun nama a bayan katangar nan. Can sai aka ji hon daga bakin kasuwa, aka ce ga su nan.

Gide ya haye babur ya buga. Ya sa giya. Da farko faifan ya tafi a hankali, gwaf, ya zagayo, gwaf. Jama'a suka ja da baya. Da ya ga motar ta shawo kwana sai ya murɗa mai har ƙarshe.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Faifan ya zama kamar farfela, gwaf-gwaf-gwaf ba tsayawa, ƙusa tana yankar jiƙaƙƙiyar katanga tana watsa wa mutane laka. Limamin unguwa ya samu rabonsa a rawani. Malam Harisu yana ihu a kashe, a kashe, Gide yana ihu saura kaɗan. Turaku suka fara rawa a raminsu. Sai muka ga tsaga ta tashi daga turke zuwa turke ta zagaye zoben kaf, katangar ta yi wani nishi, duk abin da ke cikin da'irar ya rufta cikin gida, rugum.

Ƙura ta lafa, sai ga taga zagayayya, wadda raƙumi zai wuce in ya sunkuya. A cikinta ga Dada zaune gaban tanda, ba ɗankwali, da ludayi a hannu, ga mata goma sha da ɗaurin ƙirji, matan da rabinsu ko maƙwabta ba su taɓa ganin fuskarsu ba. Suna kallon gari, gari na kallonsu. Aka yi salati gaba ɗaya, mata suka watse, maza suka juya baya, ban da mai kalangu da ya ci gaba da kiɗa don bai san abin da zai yi ba.

Zoben kuwa bai faɗi ciki ba. Bel ɗin ya fizgo shi waje, ya ja babur ya kifar da shi da Gide a kwata, shi kuma ya miƙe a kan ƙafarsa ya gangara titi. Mutane na tsalle suna ba shi hanya. Ya tafi kai tsaye wajen motar, daidai lokacin da Alhaji Barau ya sauko da farar jallabiya da laima. Ya yi lilo sau biyu a gabansa kamar mai gaisuwa, ya kwanta rib, ya bar sawun laka a gefen jallabiyar.

Alhaji ya tsallake zoben. Ya dubi babur. Ya dubi tagar. Ta cikinta ya hango tukunyar miyarsa da turke a tsaye a ciki. Gide ya rarrafo ya durƙusa, laka har gira.

"Baba, sannu da zuwa. An sauka lahiya?"

"Lahiya lau. Wanga aikin wa?"

"Nawa ne, Baba. Da hannuna."

"Ka ƙare?"

"Saura kaɗan, Baba."

"Alhamdu lillahi da ya yi saura," in ji Alhaji. "Da ka ƙare, da a masallaci zan kwana."

Sai Dada ta leƙo ta tagar, yanzu da mayafi, ta miƙo wani abu a naɗe cikin ƙyalle, ta ce Mairo ta ce a ba babanta. Alhaji ya warware, sai ga hula, a samanta fure mai ganye takwas, gefenta kuma ƙanana a jere, ɗinki sumul. Ni na san labarin, don ni aka yi ta aiko wa sayen zare. Kwalin nan da aka ce a ajiye wa jariri, Mairo ta zauna da shi tsakanin shayarwa da shayarwa, ta kafe zobe a kan ƙyalle da fil, ta zana da fensir, ta bi da allura.

Alhaji ya cire ta Makka ya sa wannan. Ya ce, "To, gidan ga an samu wanda ya hwara aiki ya ƙare. Sai dai ba kai ba ne."

Nan take ya yanke hukunci a gaban kowa. Gide zai zama lebura a hannun Baba Mani har a toshe tagar, shi zai ɗebo ruwa, shi zai cuɗa ƙasa. Ranar da katanga ta tsaya, Mairo ta koma. Kafin nan a rataya zana a tagar.

Baba Mani bai yi gaggawa ba. Ya ce sai tsohuwar katanga ta bushe tukuna, mako biyu. Sannan gini sahu-sahu ake yi, kowane sahu sai ya sha rana, kuma shi ne mai cewa ya sha ko bai sha ba. Aikin kwana biyar ya ci wata biyu. Kullum ina daga kan kekena ina kallon Injiniya a ramin laka, wando a naɗe, yana zagayawa yana dawowa inda ya tashi. In baƙo ya tsaya tambaya, sai ya ce masa shi ne ya fara kawo zagayayyar taga ƙasar Faskari, mutane ne ba su waye ba. Da aka yi yaɓen ƙarshe Baba Mani ya zana dagi da yatsansa kamar yadda ya saba, a can ƙasa kuma ya ƙara ɗan ƙaramin ƙwai. Ya ce sa hannun lebura ne.

Ranar da aka mai da Mairo na raka Gide ɗaukar kaya. Yaron ya fara rarrafe, da ya ga ubansa ya tsala ihu ya maƙale uwarsa, Gide ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ana ɗora akwati ya hango kwalin nan a saman kayanta. Idonsa ya yi haske.

"Mairo, miƙo mani shi. Na gano inda kuskuren yake. Rumbun Liman na nan ba zane, in aka samu injin ban-ruwa..."

Mairo ta ɗauki kwalin ta sa a akwati, ta danna kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zanenta.

"Maigida, Malam ya ce na 'yan shekara shida ne zuwa sama," in ji ta. "Ka bari ka kai."